Dutse Mai Cibiya Biyu

Ina ɗan shekara goma a sanyin da Iya Dije ta zo mana Riyad. Kakata ce, mahaifiyar Babanmu, kuma kafin zuwan nan muryarta kawai na sani a waya, tana tambayata ko na iya Hausa, ni kuma ina amsa mata da "aiwa", wato "e" da Larabci. Baba direba ne a can Unguwar Ofisoshin Jakadanci, shi ya yi ta faɗi-tashi har aka samo mata bizar ziyara don ta ga likitan ido. Muna zaune a Ulaisha, a saman wani tsohon gini, ɗaki biyu da falo, sai rufin bene da muke kira saɗah inda Umma take shanya. Lokacin an fara haƙe tituna wajen Batha saboda jirgin ƙasa na cikin gari, duk inda ka bi shinge ne da ramuka.

Iya ta sauka da akwati ɗaya, da ƙullin kuka da daddawa, da wani tsohon gwangwanin alawa da fentinsa ya goge. Ba ta yarda an sa gwangwanin nan cikin kaya ba, a cinyarta ya yi tafiyar tun daga Kano. Ni kuwa Allah ya yi ni da shegen son sanin ƙwaƙwaf, ko gaisuwa ban gama ba na tambaye ta mene ne a ciki. Ta girgiza shi ya yi kacau-kacau, ta ce, "Dukiyata ce, maigida, tunda kai ba ka tara mini komai ba." Sunan mijinta marigayi aka sa mini, Nasiru, shi ya sa ba ta taɓa kiran sunana ba. Maigida nake in ana shiri, in na ɓata mata rai kuma in koma "malalacin mijin nan".

Wanda bai zauna Riyad ba ba zai yarda da irin sanyinta ba. Umma ta kunna wa Iya daffaya, na'urar nan mai jan ƙarfe da ke ɗumama ɗaki. Iya ta miƙa hannu ta ji ɗuminta, ta taɓe baki. Ta ce wutar da ba ta hayaƙi, ba ta toka, ba a gasa gyaɗa a kanta, ai hoton wuta ce kawai. Dole Baba ya nemo kaskon ƙarfe da buhun gawayi. Daga nan kullum in an idar da sallar magariba sai mu hau saɗah, ni da ƙanwata Ummi mai shekara shida, mu shimfiɗa darduma a jikin katanga inda iska ba ta bugowa, Iya ta naɗe cikin bargo kamar ƙullin kaya. Muna nan har Baba ya dawo daga sallar isha'i ya kore mu ciki.

A can ta fara buɗe mana gwangwanin. 'Yan ƙwallayen gilashi ne, irin waɗanda yaran unguwa suke wasa da su, muke ce musu masagil. Ita duwatsu take kiransu. Na ɗan ji haushi da farko, don na zaci zinariya zan gani. Amma da na ɗaga ɗaya saitin garwashi, sai na ga ba irin namu na kanti ba ne. Wasu manya ne kamar ƙwan kurciya, wasu ba su ma gama zama kewayayyu ba, kuma kowanne da abin da yake ɓoye a cikinsa.

Dokar Iya ɗaya ce, ba ta kuma sassauta ta. Za ta girgiza gwangwani ta ce, "Ga su nan, ga su nan a gidansu." Mu ce, "Ɗaya ya fito mu gan shi." Sai wanda layi ya zo kansa ya rufe ido, ya zura hannu ya zaro ɗaya, ya ɗaga shi a hasken wuta, ya faɗi launinsa da zanensa da Hausa, sannan ya faɗi sunansa. In ya yi daidai, a ba mu tatsuniyar wannan dutsen, don kowane dutse da tasa. In ya kuskure, a yi ta maimaitawa har gyaɗa ta ƙone.

Ranar farko na sha wuya. Na zaro wani na ce, "Ahmar."

"Ahmar ɗin gidanku. Da Hausa."

"Ja."

"To, ja. Wane irin ja? Jan manja ne, ko jan gauta, ko ruwan hanta? Kai ka ce mijina ne, amma ja ɗaya ka sani duk duniya?"

Na sake dubawa. Ashe ba ja ne kawai ba. Farin gilashi ne kamar kindirmo, sai wani ja mai duhu ya ratsa shi, ya yi kauri a wani gefen ya sirance a wani, kamar an watsa. Na yi ta in'ina ina faɗa, rabi Hausa rabi Larabci, tana gyara mini. Da na gama ta ce, "Jinin Sa ke nan. Riƙe sunan." Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya. A bakin kaskon nan na san shuɗi daban yake da bula, na san tsanwa da kore shar, da ruwan ɗorawa, da ruwan goro, da shunayya, na san wake-wake ba ɗige-ɗige ba ne. Akwai Ɓawon Albasa, wanda launinsa yake shimfiɗe siriri a ƙarƙashin gilashi, ruwan hoda da fari a yayyafe. Akwai Ruwan Rijiya, garai-garai mai ɗan kore da kumfa uku a tsakiya. Akwai Daren Sallah, baƙi ƙirin da ratsin wani abu mai walƙiya kamar garin zinariya. Idon Mage kuwa sun kai goma, masu ganye huɗu a ciki, su ne Iya take ce wa 'yan bana-bakwai, don na Babanmu ne da ya yi wasa da su yana yaro.

Akwai kuma Ɗan Kurkuku, babban dutse garai-garai da wata farar dabba a tsaye a tsakiyarsa. Ummi ta rantse kare ne. Iya ta yi salati ta ce, "Kare? A gwangwanina? Rago ne, ke dai ba ki san rago ba sai a faranti." Har yau in na dube shi, wallahi Ummi nake ba gaskiya.

Ni abin da ya hana ni sukuni shi ne ta ina aka shigar da waɗannan abubuwa. Ba ƙofa, ba huda, ba alamar ɗinki. Na tambayi Iya, ta ce mahaifinta ɗan koli ne, mai sayar da tsakiya da murjani da duwatsun wuya. A ƙasan wata tsohuwar ganga ta tsakiya da ya saya ya tarar da su. Tunda ba su da huda ba mai ɗura su a zare, ba wanda ya taya, sai ya kawo mata gida. Shi ya koya mata a ba kowane dutse suna, kamar yadda 'yan koli suke yi wa tsakiya, don wanda ba shi da suna ba a sanin ya ɓata. Amma yadda aka yi su, ta ce shi ma bai sani ba.

Dutse ɗaya ne ba ya cikin wasan. A ƙulle yake a tsumma daban, a ƙasan gwangwani. Sau ɗaya ta kwance mana shi. Gilashi ne garai, a tsakiyarsa fararen zarurruka sirara sun murɗe sun hau juna kamar naɗin rawani, sai ratsin ja biyu da suka kewaye su daga waje. Mai Rawani sunansa. Tana 'yar shekara bakwai mahaifinta ya kama hanyar Makka a ƙafa, da ayarin masu bi ta gabas. Da asubar da zai tafi ya zaɓi wannan ya danƙa mata, ya ce, "Riƙe mini wannan sai mun haɗu." Bai dawo ba, ba a kuma taɓa jin inda ƙasa ta rufe shi ba. Yanzu in ta gama da likita, Baba zai kai ta Umra, daga can ta wuce Jidda ta hau jirgin gida. Ta ce so take ta isa inda mahaifinta ya nufa da dutsen nan a hannunta, ko ba komai ta san ta riƙe.

Na nemi tatsuniyar Mai Rawani, ta ce lokacinta bai yi ba. To, ni da a ce mini kada in taɓa abu, gara a ɗaure ni. Saura kwana biyar tafiyarsu, Iya tana barcin hantsi, na kwance tsumman na sa dutsen a aljihu. Niyyata kawai in gan shi a rana, in ƙirga zarurrukan. Na ƙirga kuwa, goma sha shida ne. Da na tsaya nan da shi ke nan. Sai ƙafata ta ja ni filin da ke bayan masallaci, inda yara suke buga masagil, don in nuna wa Muhannad.

Muhannad ɗan maƙwabtanmu ne 'yan Sudan, ya girme ni da shekara ɗaya, kuma duk layinmu ba mai hannunsa. Masagil ɗin da ya cinye wa mutane a babbar robar ruwa yake tara su. Ya juya Mai Rawani a tafinsa, ya ce da Larabci, "Ya zol, mutumina, wannan tsoho ne, ko birgima ba zai iya ba. Sa shi a da'ira, ni in sa goma." Na ga goma, na ga yara sun zuba mini ido. Na ce a raina bugu ɗaya ne. Bugu ɗaya ne kuwa, amma nasa. Ina ji ƙwas, Mai Rawani ya fice daga da'ira, Muhannad ya sunkuya ya ɗauka ya jefa cikin robarsa. Na roƙe shi, ya ce abin da aka ci an ci, shi ke nan.

A hanyar gida sai wata dabara ta faɗo mini, irin dabarar da kan yi wa yaro daɗi. Ai Iya ba ta gani sosai. Da la'asar na bi Baba Batha zai aika saƙo gida, na lallaɓa shi ya saya mini ragar masagil a wani kantin kayan wasa. A ciki na sami wanda ya dace, garai, da farin murɗi a tsakiya da ratsin ja. Girmansu ɗaya. Na duba a rana, na duba a inuwa, har na yaba wa kaina. Na ƙulle shi a tsumman na mayar ƙasan gwangwani.

Da magaribar ranar muka hau saɗah kamar kullum. Iya ta girgiza gwangwani, amma maimakon ta miƙo mana, sai ta zura hannu da kanta ta ɗauko ƙullin. Ta ce tunda tafiya ta matso, bari ta gaisa da mutuminta. Ta kwance. Ba ta ko ɗaga shi saitin wuta ba. Ta dai murza shi tsakanin babban yatsa da manuni, sau ɗaya, sau biyu. Sai hannunta ya tsaya. Gawayi yana ta ƙas-ƙas, ni kuwa na ƙura wa gyaɗa ido kamar ban taɓa ganin gyaɗa ba.

Can ta ce, "Yau tatsuniyar Mai Rawani za ku ji."

Wai a wani gari an yi wata mata mai 'ya ɗaya tal. A bayan garin akwai tsohuwar rijiya, in rana ta take sai a ga launuka suna wasa a ƙasanta. Aljana ce a ciki, sana'arta zuba duwatsun gilashi, kuma duk yaron da ya leƙa ya daɗe yana kallo sai ta jawo shi ta mai da shi dutse, ta jefa a ƙwaryarta. Yarinyar nan ta je ɗiban ruwa da zanenta shuɗi mai ratsin fari, ta leƙa, ta shagala, shi ke nan. Uwar ta ɗaura ɗamara ta bi igiyar guga ta sauka. A ƙasa ta tarar da wani attajiri ya riga ta, ya zo neman ɗansa. Aljana ta ajiye masa ƙwarya cike da duwatsu iri ɗaya, ta ce ya ɗauki ɗaya, in ɗansa ne su tafi, in ba shi ba ne shi ma ya shiga ƙwarya. Attajiri ya ce ɗansa ba zai zama ƙarami a cikin duwatsu ba, ya zaɓi wanda ya fi girma da ƙyalli. Nan take ya ƙanƙance ya faɗa ƙwarya, ƙwal.

Aka zo kan matar. Aljana ta kawo duwatsu ɗari, duk shuɗi da ratsin fari, launin zanen 'yarta sak. A nan Iya ta sirantar da murya ta yi waƙar aljanar:

"Duba da kyau, uwar yarinya,
shuɗi ɗari, fari ɗari,
wacce ce taki a ƙwaryata?"

Matar ta cire ɗankwalinta ta ɗaure idonta da shi, ta zura hannu. Aljana ta ce, "Ke, ana zaɓe da ido kina rufe naki?" Ta ce, "Launi ke kika zuba shi, kina iya zuba dubu. Amma naki duk zubi ne, ba su da uwa. Tawa haihuwarta na yi, aka yanke ta daga jikina, ni na gasa mata cibiya da hannuna har ta warke. Wurin yankan nake nema." Ta yi ta lalube, sumul, sumul, sumul, har yatsanta ya faɗa kan wani ɗan gurbi mai kaushi. Ta damƙe. Dutsen ya yi ɗumi a tafinta, ya yi nauyi, sai ga yarinya tana atishawa.

Ummi ta ce, "Iya, attajirin fa?"

"Yana nan cikin ƙwarya, ya fi kowa ƙyalli."

Ka'ida in tatsuniya ta ƙare Iya takan jefa dutsen cikin gwangwani ta ce, "Ya koma gida, saura na gobe." Ranar ba ta jefa ba. Ta aiki Ummi ƙasa ta karɓo mata ruwan ɗumi. Da muka rage mu biyu, ta kamo hannuna ta sa mini dutsen kantin a ciki.

"Maigida, baƙo ka kawo mini. Kyakkyawa ne, amma a ba shi ruwa ya koma gidansu."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na fashe da kuka, na faɗa mata komai, har da ƙirgen zarurrukan. Ba ta yi mini faɗa ba, wannan ya fi duka ciwo. Ta lalubo Ɓawon Albasa ta ɗora yatsuna a kansa. Ta ce in ji nan, in ji nan kuma. Gurbi ne guda biyu masu ɗan kaushi, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, daidai inda launukan suke tattaruwa su tsuke. Ta ce duk tsofaffin suna da su, 'yan bana-bakwai ne sumul. Ta ce kada in ruɗe da tabon wasa: tabo yana da kaifi kuma ko'ina yakan faɗa, cibiya kuwa biyu ce, suna kallon juna, in ka riƙe su da yatsu biyu dutsen zai juya a tsakani kamar mazari.

Ina sharar hawaye, amma halin nawa bai bar ni ba. Na ce, "Iya, me ya sa biyu? Mutum ai ɗaya gare shi."

Ta yi 'yar dariya. "Shekara sittin da ɗoriya ina wannan tambayar. In ka gano ka faɗa mini."

Sannan ta gaya mini abin da manya suka ɓoye mana. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a kankare, jijiyar idon ce ta tafi. Ta ce garwashin nan ma kamar ta bayan labule take hango shi. Launukan duwatsunta ta rabu da ganinsu tun bara. "Da kuke faɗa mini ja ne, ruwan hanta ne, ratsin ya sirance a gefe, ai ba jarrabawa nake muku ba. Kallo nake yi." Ta gyara bargonta. Ta ce ba za ta gaya wa Baba ba, kuma in dutsen bai samu ba za ta tafi haka, Allah ya ga niyya. Amma muryarta ta karye a kan kalmar ƙarshe, na kuwa ji.

Kwana uku ina bin Muhannad. Na ba shi ragar da aka saya mini gaba ɗaya, ya karɓa ya ce wannan kuɗin sauraro ne. Ranar Laraba, ana gobe tafiya, na same shi a matakalar gidansu na faɗa masa gaskiya, labarin mahaifin Iya da hanyar Makka. Ya ce kakan babansa ma yana ba da labarin masu wucewa ta garinsu a ƙafa. Amma Muhannad ba ya sakin abu a banza. Ya ɗauko robar, ya zazzage ta a tiren shayi. Sun fi ɗari uku, kuma masu farin murɗi da ratsin ja sun kai ashirin, don kantin da na je shi ma can yake saye. Duk sun yi ƙura sun dusashe. Ya ce, "Ni ban ma san wanne ne ba. Ɗauki ɗaya. Sau ɗaya tak. Abin da ka ɗauka shi ne naka."

Na taɓa jin wannan sharaɗin, a bakin aljanar rijiya. Na ware masu farin murɗin gefe, na dube su, duk suka zama iri ɗaya a idona. Sai na rufe ido. Muhannad ya tuntsire da dariya ya ce na haukace. Na bi su ɗaya-ɗaya. Sumul. Sumul. Wani ya karce ni, na ji kaifi, tabo ne, na ajiye. Wani mai kaushi a wuri ɗaya, na juya bayansa, sumul, na ajiye. Wajen na goma sha huɗu yatsana ya zauna a wani ɗan gurbi. Na kai babban yatsa ƙasa, ga ɗan'uwansa. Na murza, ya juya. Na buɗe ido na goge shi da rigata na ƙirga zarurrukan, goma sha shida.

Da gudu na hau saɗah, ko takalmi ban cire ba. Iya tana zaune ana hura gawayi. Na sa mata shi a tafin hannu. Ta murza, ta kai shi saitin kumatunta ta riƙe. Sannan ta sake murzawa, ta tsaya a wani wuri a gefensa, inda bugun Muhannad ya ɓantare ɗan ƙaramin gilashi.

"Ya yi yawo," ta ce. "Cibiya biyu, tabo ɗaya. Tabon naka ne, malalacin miji. To, faɗa mini shi."

Na ɗaga shi a wuta na faɗa mata shi tsaf, da Hausa, ban sa Larabci ko ɗaya ba. Garai kamar ruwan sama, fararen zare goma sha shida sun murɗe dama, ratsi biyu jan gauta. Ta rufe idonta tana gyaɗa kai har na gama. Ta jefa shi a gwangwani da kanta, ƙwal, ta ce ya koma gida.

Washegari Alhamis muka raka su Batha inda motocin Umra suke lodi. Ta bar mana gwangwanin, ni da Ummi, ta ce nauyi ne, Mai Rawani kaɗai ta ƙulle a bakin mayafinta. Ta ja kunnena ta tagar mota ta ce in ta dawo ta tarar na ƙara aure sai ta kai ni ƙara. Ban sake ganinta ba. Bayan shekara biyu ta rasu a Kano.

Da na girma na shiga bincike, na tarar ashe akwai mutane a duniya da suke tara irin waɗannan duwatsu, da littattafansu da hotunansu, suna musu a kan launi da zane kamar yadda muke yi da Ummi. Abin da ya ba ni mamaki har na yi dariya ni kaɗai, wasu sunayen nasu in ka fassara, sunayen Iya ne: ɓawon albasa, jinin sa, idon mage. Ita ba ta taɓa jin labarinsu ba, su ma ba su san da ita ba, kowa dai ya duba da kyau ne ya faɗi abin da ya gani. A nan kuma na sami amsar tambayarmu. Tsofaffin da hannu aka yi su. Maƙerin gilashi yakan jera zarurruka masu launi ya lulluɓe su, ya ja su su zama doguwar sanda, ya murɗa, sannan ya riƙa yanko duwatsu daga jikinta ɗaya bayan ɗaya tun tana da zafi. Cibiya ɗaya wurin da aka raba dutse da wanda ya riga shi ne, ɗayar kuma wurin da aka raba shi da wanda zai biyo baya. Ranar da na karanta wannan na ɗauki waya, sai na tuna ba wadda zan kira. Na yi kuka sosai, ba na jin kunyar faɗa.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin jan kunne ga yaro maƙaryaci, kuma ta yi wannan aikin. Yanzu in na tuna ta, Iya nake gani, 'yar shekara bakwai a ƙofar gida, an yanke ta daga mahaifinta, da tsohuwar da ta leƙo ta tagar mota a Batha. Ban sani ba ko ta san abin da take yi lokacin da ta ɗora yatsuna a kan gurbin nan biyu. Ina dai zaton ta sani.

Don kwana huɗu bayan tafiyarsu Baba ya dawo shi kaɗai, da jarkar zamzam da dabino. Ya ce Iya ta yi ɗawafinta a keken guragu, hannunta na dama a dunƙule tun daga farko har ƙarshe. Da ya gama ba Umma labari sai ya kira ni gefe, ya zaro wani ƙullin tsumma daga aljihun gaban rigarsa. Ya ce a filin jirgin Jidda ta ba shi, har an fara kiran fasinjoji, shi bai ma gane kan saƙon ba. Na murza ƙullin tun ban kwance ba, na ji gurbi a sama, gurbi a ƙasa, da ɗan tabona a gefe.

Na ce, "Baba, me ta ce?"

Ya ce, "Cewa ta yi in gaya wa maigida ya riƙe mata wannan sai kun haɗu."